Teburin Ɗaga-Kaɗan

Mutanen lungun nan ba sa ɓuya. Ko a asibiti ka gamu da ɗayansu, tsaya ka ga yadda zai rufe ƙofa: sai ya kama mariƙin, ya ɗan cicciɓa ƙyauren sama, sannan ya tura. Ƙofar mutane lafiyarta lau, shi ne dai hannunsa ya riga ya saba. Wanda ya koya musu wannan hali kuwa mai waldan lungun ne, mutumin da sunansa ya ɓace tun yana da baƙin gashi, yaro da babba Ɗaga-Kaɗan suke ce masa. Duk ƙofar da ya kafa, in mai gida ya tura ta cije, abin da zai faɗa ke nan yana goge hannu a wando: a ɗaga kaɗan. Ana ɗagawa sai ta shige zuruf, kamar ba ita ta yi gardama ba.

Gwaggonsa ce ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensa, shi da ƙanensa. Ita ke da gidan da ke can ƙurya, inda lungun ya mutu. Tsohuwa ce 'yar firit, amma in ta buɗe baki injin yankan ƙarfe ma sai ya saurara. Da ya gama koyon walda a wurin wani dattijo a bakin titi, sai ta kwashe gawayinta da karyayyun kujeru daga ɗakin da ke jikin ƙofar gida, ta ce ga shago nan. Ba ta karɓi komai a hannunsa ba, kuma tun daga ranar gari bai taɓa wayewa ba tare da ta tuna masa cewa ba ta karɓi komai ba.

Shagon dai sunansa shago. In ya shigo da dogon bututu, rabinsa a lungu yake kwana, masu wucewa suna tsallakewa suna tsaki. Taga guda ce, can sama, ita ma don ta cika sharaɗi. Daɓen ya gangara wajen magudana, don a dā a nan ake wanki. A kan wannan daɓe ya yi shekaru yana aiki a tsugune kamar mai tsince tsakuwa, har gwiwoyinsa suka fara ƙara in zai miƙe. Ba abin da yake gani in ya rufe ido sai teburin maigidansa na dā: faffaɗan ƙarfe mai kauri, daidai ƙugu, wanda mutum zai shimfiɗa ƙofa a kai ya zagaya ta a tsaye kamar mai mutunci.

Sai ya ɗaura niyyar yin nasa. Ya yi ta sintiri wurin masu tsofaffin ƙarafa har ya samu gindin wata tifa da ta gama aikinta a duniya, faranti guda, mai kaurin da guduma ba ta ba shi tsoro. Mota ba ta shiga lungun, saboda haka majiya ƙarfin unguwa ne suka shigo da shi a tsaye a kan gefensa, suna nishi suna zagin wanda ya kawo shawarar. Ƙafafu ya yanko daga bututun rijiyar burtsatse. Ya fasa daɓe, ya binne su a siminti, wai don kada ɓarayi su ɗauke. Gwaggo ta leƙo ta ce duk ɓarawon da ya iya ɗaukar wannan abu a bar masa, ya ci haƙƙin guminsa. Ya ɗora firam na ƙarfe mai kusurwa a kan ƙafafun, ya yi kanta a ƙasa ta ajiye guntaye, ya maƙala ƙugiyar rataye waya, ya bar gurbin mamatsi a gefe. Aiki ya yi kyau, ba wanda zai ce bai yi ba. Saura kawai a ɗinke farantin a jikin firam.

A nan ne wutar lantarki ta yi tafiyarta. Kwana da kwanaki yana zaune yana kallon ƙwan fitila kamar mai jiran baƙo. Ranar da ta dawo da rana tsaka, ƙwan yana ta ƙyafta ido, alamar ba daɗewa za ta yi ba.

To, duk wanda ya taɓa riƙe sandar walda ya san ƙarfe mai zafi yana janyewa in zai huce. Shi ya sa ake ɗiga masa walda a kusurwa, a tsallaka ɗaya ɓangaren a ɗiga, a bar shi ya sha iska, a dawo. Ɗaga-Kaɗan ya sani sarai, an sha ƙwanƙwasa masa kai a kan haka. Amma ya dubi ƙwan fitila, ya dubi farantin, ya ja gilashin fuska. Ya kama daga kusurwa ɗaya ya zarce har ƙarshe bai ɗaga hannu ba, kamar tela yana kalmasa bakin zane. Ya juya ya bi ɗaya gefen, ya sake juyawa. Kafin la'asar ya zagaye teburin kaf, ɗinki mai kyau, sumul. Wutar kuwa, don wulaƙanci, ba ta ɗauke ba sai washegari.

Da teburin yana hucewa an ji yana ƙas, ƙas, kamar tsoho yana miƙa. Kusurwar da ke wajen taga ta ɗan tashi, ta kusa da ƙofa ta ɗan kwanta. Ba abin da ido zai gani ba ne, musamman idon da yake son abin da yake kallo. Ya shafa tafin hannu a kai, ya ce madalla, ya shafa wa ƙafafun shuɗin fenti.

Shi kuma mutum ne mai ɗaure aiki. Duk abin da zai haɗa sai ya danne shi a kan teburin da mamatsai, ya murɗa har ƙarfen ya kwanta luf. Saboda haka kowace ƙofa da ta sauka daga kai ta sauka da 'yar murɗiyar teburin a jikinta. Ta Gwaggo ce ta fari. Firam ɗin a murɗe, ƙyauren a murɗe, murɗiya iri ɗaya, sai suka zauna lafiya kamar mata da miji masu aibi ɗaya. Ɗan cijewar nan ta wajen rufewa ce kawai ta rage, ita ma an samo mata magani da baki.

A hankali ya yi wa lungun kaf ƙofofi da tagogi. Akwai shekarar da mai kemis ya yi fushi da shi saboda jinkiri, ya auna ƙofarsa da kansa, ya je bakin titi aka yi masa sabon ƙyaure. Aka kawo, aka rataya, sama ta kama, ƙasa ta ƙi. Aka gurza, aka buga, aka kira magini ya yi rantsuwa bangonsa lafiya yake. Ƙarshenta mai kemis ya dawo shagon yana sosa ƙeya, yana tambayar lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar kowa ya gane ƙofar da Ɗaga-Kaɗan ya kafa ba ta karɓar aikin kowa sai nasa. Shi kuma ƙirjinsa ya ƙara faɗi. Yana cewa yaran bakin titi ba su iya awo ba, kuma har zuciyarsa haka ya yarda.

Sai dai mutumin da lungu ba zai iya rabuwa da shi ba, shi ma ba ya iya rabuwa da lungu. Ya yi aure, aka kawo matar ɗakunan baya na gidan Gwaggo, aka haifi yara a nan, suka tashi suna tsallake ƙarafa. In ya rufe shago na yini guda, kafin ya dawo mutum yana zaune a dakali, sakatarsa ta karye ko hinji ya zube. Tsakanin aiki da aiki kuma Gwaggo tana aiko masa da bokiti marar hannu, da murfin tukunya, da ƙafar gado, kowanne da saƙon cewa ai ba haya yake biya ba. In ya gaji sai ya tsaya a bakin shago ya miƙa wuya. Daga nan ana hango bakin lungun, ɗan tsagin haske kamar an buɗe ƙofa kaɗan, motoci suna giftawa ɗaya bayan ɗaya. Yakan daɗe a tsaye, har sai Gwaggo ta tambaya daga ciki ko injin ya mutu ne ta ji shiru.

Furfura ta fara fito masa a gemu lokacin da ƙanensa, wanda ke tuƙa babbar mota a wani kamfanin gine-gine, ya zo masa da magana. Kamfanin yana gina dogon bene a wajen gari, tagoginsa ba sa ƙirguwa, kuma suna neman mai walda da zai zauna da su dindindin. Akwai rumfa mai faɗin da za a juya bututu a ciki ba a bugi kowa ba, akwai wutar da ba ta ƙyafta ido, akwai ɗakunan ma'aikata masu iyali. Ya riga ya yi wa injiniyan kamfanin maganar yayansa. Abin da ake so kawai ya yi firam ɗin taga guda ya kai a gani, kafin a gama rufin benen.

Ɗaga-Kaɗan bai faɗa wa Gwaggo ba, amma bangon gidan ba ya riƙe magana. Da yamma ta ce ta ji wai za a tafi a bar ta da gawayinta, to Allah ya kiyaye hanya, a dai tuna wanda ya share wa mutum majina. Ya yi kamar bai ji ba. Ya zaɓi ƙarfe mafi kyau, ya danne shi a teburin, ya yi ɗinkin da ko shi sai da ya tsaya ya kalla. Har ya auna inda zai yanke ƙafafun teburin daga siminti ranar tashi, don an ce kowa da kayan aikinsa zai zo.

Injiniyan mutum ne marar hayaniya. Ya juya firam ɗin, ya bi ɗinkin da yatsa, ya gyaɗa kai. Sannan ya kwantar da shi, ya zaro zare daga aljihu, ya ja ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ya ja na biyu ya gicciye na farko. In abu a miƙe yake, zaren biyu za su taɓa juna a tsakiya. Waɗannan ba su taɓa ba. Ya zura ɗan yatsansa a tsakaninsu ya wuce.

"Malam, hannunka ba shi da laifi," in ji injiniyan. "Amma gilashi za mu sa, gilashi kuma ba ya lanƙwasa. Ana ɗaure shi a nan zai tsage. Je ka duba abin da kake aiki a kai. In ka kawo mini miƙaƙƙe kafin mu gama rufi, wurin naka ne."

Ya dawo gida. Ya karɓi zaren ɗinki a wurin matarsa, ya tura ƙyauren shago, ya share teburin, ya ja zare biyu kamar yadda ya ga an yi. Ya durƙusa ya kawo ido daidai farantin. Hasken tagar nan ta sama ya ratsa tsakanin zaren biyu ya shiga idonsa. Ya sake ja, ya canja zare, ya canja kusurwa. Teburin bai canja magana ba. Ya zauna a kan bokitin Gwaggo da ke jiran hannu, ya shiga lissafa ƙofofin lungun a zuci tun daga baki har ƙurya, da mai kemis, da yaran bakin titi da ya yi shekaru yana zagi.

Matarsa ta leƙo da abinci ta same shi haka. Da ta ji bayani sai ta ce, "Baban yara, ka cusa wani abu a ƙarƙashin aikin mana, yadda nake yi wa kabad ɗina." Ya ce taga ɗaya ce za a yi wa haka, ba bene guda ba, kuma ba zai je ya tsaya gaban matasan ma'aikata da gemunsa yana cusa guntaye a ƙarƙashin aiki ba. Zuwa aron teburin wani a bakin titi kuwa, gara a ce ya mutu. Teburin zai gyara. Ta ajiye kwanon ta ce ai shi ke nan, ta fita, fitar matar da ta san maganarta ce daidai.

Ya ɗauki injin yanka ya bi ɗinkin da ya yi tun yana saurayi. Ashe ya iya walda. Ɗinkin ya ƙi sakin jiki, faifan yanka yana cinyewa ɗaya bayan ɗaya, tartsatsi yana fita har lungu, Gwaggo tana cewa za a ƙona mata gida don an ga za a bar shi. Ranar da ya yanke na ƙarshe, farantin ya yi tsalle da wata ƙara, gaf, har kaji suka watse. Ya zaci zai koma ya kwanta yadda aka haife shi. Ina. Ƙarfen da ya sha wuta da guduma shekara da shekaru, da aka sake shi sai ya bankaɗe kamar busasshiyar fata, ciki a nan, ƙusumbi a can. Ya gasa shi da wutar gas, ya buga. Ya danne nan, can ya tashi. Ya danne can, tsakiya ta kumbura.

Ƙanensa ya ce a fitar da shi titi ya bi ta kai da babbar mota. Aka je neman majiya ƙarfin da suka shigo da shi, aka tarar wannan yana fama da ciwon baya, wancan ya yi tumbi, ɗaya ya rasu. Aka tara 'ya'yansu, suka cicciɓo shi da ƙyar har kwanar lungun, a nan ya tsaya. Tun bayan shigowarsa mutane sun ƙara matakala, sun fito da baranda, sun kewaye su da ƙarfe, kuma ba sai an tambayi wanda ya yi musu ƙarfen ba. Aka juya shi ta kowace fuska, aka dawo da shi shago, aka jingina.

Ana cikin haka aka yi ruwa mai iska, ƙofar mai biredi, wadda tsatsa ta daɗe da cin gindinta, ta faɗo. Bazawara ce, ita da 'ya'yanta mata a ɗaki guda. Ta zo tun da safe ta tsaya a kansa. Ba tebur, saboda haka ya koma daɓe kamar farkon zamani. Ya jera bulo, ya daidaita su, ya ja zarensa biyu, ya yi ta gyara har suka sumbaci juna a tsakiya. Ya ɗauki kwanaki yana abin da dā yini guda ne, gwiwoyi suna kuka. Amma ƙyauren da ya tashi daga wurin a miƙe yake kamar takarda, irinsa na farko a rayuwarsa. Ya ji wani sanyi a ransa. Ya ce a zuci yana gama kafa wannan zai yi tagar injiniya ta wannan hanya, ko da zai yi rarrafe.

Ya kai ya rataya a firam ɗin da shi ya kafa da hannunsa. Sama ta kama. Ƙasa ta buɗe baki har kyanwa za ta shige ba ta sunkuya ba. Sakata ta tsaya tana kallon raminta daga nesa. Maƙwabta suka taru, mai kemis a gaba, hannu a baya, yana kallo da wata natsuwa.

"Ni ba ƙofar injiniya na ce ka yi mini ba," in ji mai biredi. "Irin wadda ka saba nake so, mai rufuwa. 'Yan mata gare ni a ɗakin nan, kwana nawa muna jingina tabarma."

Ya sauke ƙyauren ya ɗauko shi a ka. A bakin shago ya tarar da ƙanensa yana wasa da makullin mota, yana kallon ƙasa. Bai bari ya gama gaisuwa ba ya tambaye shi ko an gama rufin. Ƙanen ya ce an gama, Yaya, an kuma ba wasu mutum biyu daga wani gari aikin, sun riga sun tare a ɗakunan. Ya ce injiniyan ya tambayi labarin yayan har sau biyu. Ɗaga-Kaɗan ya ce ba komai, ya gaida masa shi. Ƙanen ya ɗan ƙara tsayuwa, sannan ya bi lungun ya fita, yana raɓa kafaɗa a kwanar barandar.

Washegari da hantsi ya shiga cikin gida da guduma da ɗan ƙarfe, ya tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo, ya fara bugun hinji daga ƙasa.

"Kai, lafiya? Tashin ne ya zo har da ƙofata za a tafi?"

"Aro zan yi, Gwaggo. Ita ce ta fari da ta sauka daga teburin, ita ta fi riƙe kamanninsa."

Ta dube shi, ta dubi furfurar gemunsa, ta buɗe baki ta rufe. Abin da ba a taɓa gani ba. Can ta ce to a yi maza, don ita ba ta saba kwana a kasuwa ba.

Aka taimaka masa aka mayar da farantin kan ƙafafunsa. Ya kwantar da ƙofar Gwaggo a kai ta zama ma'auni. Ya shiga ƙarƙashi da sanduna da mamatsai, yana jan farantin, yana tura shi, yana cusa ƙarfe, har ya bi murɗiyar ƙofar ya manne mata ko'ina, takarda ma ba ta shiga tsakani. Bai taɓa shan wahalar miƙe wani abu ba kamar yadda ya sha wajen karkatar da wannan daidai. Sannan ya ɗinke. Ya yi wa mai biredi sabon ƙyaure a kai, ya kai, ya rataya, ta rufe ta buɗe, ta rufe ta buɗe, ta sa masa albarka. Kafin ya dawo mutum biyu suna dakali suna jira.

Da ya shiga ciki wanke hannu, ya tarar da matarsa a tsakar ɗaki da kwalaye a buɗe. Bai ma san ta ɗaure kaya ba. Tana warware farantan abinci daga tsofaffin zannuwa ɗaya bayan ɗaya, tana mayarwa kabad. Ta ce masa ruwan yana bayan ƙofa, bai huce ba tukuna.

Miƙaƙƙen ƙyauren kuwa ya yi kwanaki a jingine a shago yana tare hanya, don ba ƙofar da zai shiga a lungun kaf. Gwaggo ta sa aka shigo mata da shi tsakar gida, aka ɗora a kan bulo, tana shanya barkono a kai. Ta ce ba laifi, ba ya tara ruwa.